NAZARI: Gajiya iri biyu a Kafanchan, da abin da motsa jiki zai iya yi wa kowace

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, tafiyar ƙafa ta dawo cikin rayuwar mutanen da suka daɗe da mantawa da ita. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a kuma gari mafi girma a Kudancin Kaduna, malamin makaranta ko ma'aikacin ofis da ke zaune a Takau, Aduwan ko Bayan Loko, wanda a da iyakar tafiyarsa bakin titi ce kafin ya tsayar da ɗan acaɓa, yanzu sai ya yi lissafi kafin ya hau. Sau da yawa lissafin kan ƙare ne da ya taka sayyadarsa.

Daga nan aka samu abin barkwanci a majalisu da wuraren shan shayi, cewa gwamnati ta sanya kowa motsa jiki na dole, ba tare da ta gina filin wasa ko ɗaya ba. A ƙarƙashin barkwancin akwai tambayar da ta cancanci amsa ta gaskiya. Likitoci sun ce motsa jiki a kai a kai yana ƙara kuzari, yana kuma ƙara yawan aikin da mutum zai iya yi. To, idan haka ne, me ya sa manomin citta a Kwoi ko Kachiya, wanda ya wuni yana gumi, yake kwana da ciwon baya, ya tashi a gajiye? Me ya sa kuma akawun da ya wuni a kan kujera, bai ɗaga abin da ya fi fayil nauyi ba, shi ma yake komawa gida a sanyaye kamar wanda ya yi dako?

Gajiyar mutanen nan biyu ba iri ɗaya ba ce, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Duk wata shawara ko manufar gwamnati da ta kasa bambanta su, za ta ba ɗaya abin da bai buƙata, ta hana ɗayan abin da zai cece shi.

Garin da aikinsa ke sauya kama

Jirgin ƙasa ne ya yi Kafanchan ta zamani. A shekarar 1927 aka kammala haɗa layin dogo da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya iso Kafanchan ya zarce Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos domin jigilar kuza. Wannan mahaɗa ta janyo ma'aikata daga sassan Najeriya daban-daban, har aka dawo da mazaunin Masarautar Jama'a cikin garin a farkon shekarun 1930. Aikin da ya tara mutanen na ƙarfi ne: zuba gawayi a tukunyar jirgi, gyaran dogo, loda kaya da sauke su. Wanda ba ya aikin jirgi yana gona, kuma kusan kowa da ƙafa ko keke yake zirga-zirga. Sunan unguwar Bayan Loko kaɗai ya isa shaida a kan irin sana'ar da ta raya garin.

Jiragen sun daɗe da yin shiru. Abin da ke riƙe da Kafanchan a yau shi ne makarantu, asibitoci, ofisoshi, bankuna da shaguna. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a kusa, akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ta kuma karɓi tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachiya ta mayar da ita jami'ar tarayya. Waɗannan nasarori ne da yankin ya daɗe yana fafutukar samu. Amma kowace daga cikinsu tana ƙara yawan mutanen da za su riƙa cin abinci daga zaune: malamai, akawuna, masu sayar da kati da masu cirar kuɗi a bakin titi, teloli, direbobi, da 'yan acaɓa waɗanda ake ganin kamar suna motsi alhali babur ne ke tafiya, su suna zaune.

Wannan sauyi ba na Kafanchan kaɗai ba ne. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na manyan mutane a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ya kamata. Abin lura a Kudancin Kaduna shi ne sauyin yana faruwa cikin tsatso ɗaya. Uban da ya yi noma da fartanya har tsufa ya haifi ɗan da ke wuni gaban kwamfuta, amma kwanon tuwon da ake ajiye musu girmansa ɗaya.

Abin da bincike ya tabbatar

Hujja ta farko mai ƙarfi a kan alaƙar zama da ciwon zuciya daga tashar mota ta fito. A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jerry Morris ya wallafa sakamakon nazarin da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan, su kimanin 31,000. Direba da kwandasta mota ɗaya suke ciki, iska ɗaya suke shaƙa, rayuwarsu kusan iri ɗaya ce. Bambancin kawai shi ne direba yana zaune, kwandasta yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Morris ya gano cewa direbobi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma idan ya kama su ya fi saurin hallaka su. Duk wanda ya san direbobin da ke jigila tsakanin Kafanchan da Kaduna, Jos ko Abuja, ya san wane ne ke zaune a wannan kujerar a yau.

Batun kuzari kuwa yana da bayani a cikin jiki. Idan mutum ya saba da tafiya mai sauri, zuciyarsa kan ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar yawan bugawa kafin ta biya buƙatar jiki. A cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu ƙananan sassa da ke sarrafa abinci da iska su zama ƙarfi, waɗanda masana ke kira maitokondiriya. Tun a 1967 wani masani a Amurka, John Holloszy, ya nuna cewa atisaye na kullum yana ƙara yawansu. Ma'ana, jikin da ya saba da motsi yana yin aikin yau da gobe da ɗan kaso na ƙarfinsa, ya bar saura a ajiye, shi kuwa jikin da ya saba da zama ɗan hawan tudu kaɗan ya ishe shi haki. Ga kuma sauƙin barci, da daidaituwar sukari a jini, da raguwar hawan jini, waɗanda dukansu ke shafar yadda mutum zai tashi da safe.

A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka suka gwada abin a kan matasa 36 da ba sa motsa jiki, masu yawan kukan gajiya ba tare da wata cuta ba. Wasu suka riƙa tuƙa keken atisaye na minti 20, sau uku a mako, har mako shida. Waɗanda suka yi atisayen sun samu ƙarin kuzari da kimanin kashi 20 cikin ɗari, kuma waɗanda suka yi mai sauƙi, ba mai tsanani ba, su ne gajiyarsu ta fi raguwa, da kashi 65 cikin ɗari. Mutum 36 ba su da yawa, amma nazarce-nazarce da dama sun nufi wannan alƙibla.

A fannin aiki kuma, wani bincike da aka wallafa a 2011 daga ƙasar Suwidin ya fi dacewa da halin ma'aikacin gwamnati. An ɗebe awa biyu da rabi a kowane mako daga lokacin aikin wasu ma'aikatan asibitocin haƙori, aka ce su yi motsa jiki a cikinsa. Duk da raguwar lokacin, aikin da ake yi bai ragu ba, ma'aikatan kuma suka ba da rahoton cewa suna iya yin aiki fiye da da, hutun rashin lafiya ma ya ragu.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan hujja. Yawancin irin waɗannan nazarce-nazarce a ƙasashe masu arziki aka yi su, wasu kuma sun dogara ne da abin da ma'aikata suka faɗa da bakinsu. Motsa jiki ba zai kawo wutar lantarki ofis ba, ba zai biya albashin da aka riƙe ba, ba zai sanya alli da littafi a ajin da babu su ba. Abin da yake yi shi ne ya kare wa ma'aikaci jarin da ba shi da madadinsa, wato jikinsa.

Noma wahala ce, ba atisaye ba

Idan aka bar cikin gari aka nufi Jaba, Kachiya da Kagarko, inda ake noma mafi yawan cittar Najeriya, maganar takan juya. A ce wa manomin citta ya riƙa motsa jiki, dariya zai yi, kuma yana da gaskiya. Daga sharar gona da huɗa, zuwa shuka da rufe ta da ciyawa, da cirar haki da hannu, da tono, da tsagawa da shanya, kusan kowane mataki a duƙe ake yin sa, awa bayan awa. Matar karkara kuwa bayan gona tana da ɗiban ruwa, da itace, da daka, da goyo.

Sai dai gumin gona da gumin atisaye ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba. A shekarar 2021 wasu masana a Denmak, ƙarƙashin jagorancin Andreas Holtermann, suka wallafa nazari a kan mutum 104,046 mazauna yankin Kofenhagen. Sun gano cewa masu yawan motsa jiki a lokacin hutunsu sun fi tsira daga ciwon zuciya da mutuwar wuri, amma masu aikin ƙarfi mai yawa a wurin sana'a haɗarinsu ƙaruwa ya yi. Dalilan da suka bayar duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gane su. Aikin ƙarfi yana ɗaukar tsawon wuni ba tare da isasshen hutu ba. Ba ya kai zuciya matakin da za ta ƙara ƙarfi, amma yana riƙe bugunta da hawan jini a sama na sa'o'i masu yawa. Yana ɗora nauyi a kan gaɓoɓi iri ɗaya kullum. Kuma mai yin sa ba shi ke zaɓar lokacin tsayawa ba, damina ce ke zaɓa masa.

Ma'aikacin Denmak ba manomin Kwoi ba ne, kuma babu shakka aikin gona yana kare mutum daga ƙiba da wasu cututtukan zama. Amma darasin ya tsaya: wahala ba ta zama lafiya don kawai an yi gumi. Abin da manomi ke buƙata shi ne kishiyar abin da akawu ke buƙata. Yana buƙatar hutu a tsakiyar aiki, da ruwan sha isasshe, da miƙe baya da gaɓoɓi bayan dogon duƙo, da abinci mai gina jiki, da awon jini lokaci zuwa lokaci, da kayan aikin da za su rage masa duƙawa. Tsarin gayya na iyaye da kakanni ya fahimci wani abu daga wannan, domin yana raba aikin wuni da yawa a kan hannaye da yawa, da kiɗa, da abinci, da lokacin tashi.

Inda babu wannan, ana neman kuzari na aro. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Najeriya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su taramadol suka sha ba bisa umarnin likita ba. Ba kowane mai sha ke neman maye ba. Akwai lebura da ɗan ƙwadago a gona da ke sha don su danne ciwo su kai yamma. A cikin gari kuma lemukan gwangwani da ake tallata su da sunan ƙara kuzari sun zama abokan direbobi da ɗalibai. Duka biyun bashi ne ake ci daga jiki, kuma jiki ba ya yafe bashi.

Lissafin asarar

Ƙididdigar masana ta nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba har sai ya kayar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan da ba a ɗauka daga wani, irin su ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon sukari da daji, su ke haddasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mace-mace a ƙasar. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya ce rashin motsa jiki ya jawo wa duniya asarar dala biliyan 67.5 a shekarar 2013 kaɗai, biliyan 13.7 daga ciki na aikin da aka rasa ne saboda mutuwar masu yin sa.

A Kafanchan ba da dala ake jin wannan asara ba. Ana jin ta ne ranar da shugaban makaranta ɗan shekara hamsin ya faɗi, aka kai shi asibiti ɓarin jikinsa ya mutu, matarsa ta rufe shago ta koma jinya, babban ɗansa ya ajiye karatu. Ana jin ta a ajin da malaminsa ke asibiti kowane wata, da gonar da ba a nome ba saboda bayan mai ita ya riƙe. Inda mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake naira 70,000 tun daga Yulin 2024, kuma yawancin mutane daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani, maganin hawan jini da na sukari na kowane wata wani haraji ne da ba ya ƙarewa. Sabuwar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya za ta rage wa marasa lafiya doguwar tafiya zuwa Jos ko Zariya, amma babu asibitin da zai iya ɗaukar duk waɗanda zama zai kwantar idan aka bar al'amarin ya ci gaba a haka.

Jihar Kaduna ta taɓa gwada wata manufa da ta shafi wannan batu kai tsaye. Daga ranar 1 ga Disamba, 2021, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta fara tsarin aikin kwana huɗu a mako ga ma'aikatanta, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, da hujjar ƙara ingancin aiki da ba ma'aikata lokacin iyali, hutu da noma. Tsarin ya amince da wata gaskiya, cewa yawan sa'o'i a kan kujera ba shi ne yawan aiki ba. Amma ya tsawaita zaman kowace rana da awa guda, bai kuma zo da wani shiri na yadda ma'aikaci zai motsa a cikin kwanaki huɗun ba. Jiki ba ya tara motsin Juma'a ya raba wa Litinin da Talata. Haka ma gasar gudun fanfalaki ta Kaduna da aka fara a Nuwamban 2020: ta jawo hankali, amma biki ne na rana ɗaya a babban birnin jiha, mai nisa da mazaunin Zonkwa ko Gwantu.

Abin da ke hana mutane fita

Abu ne mai sauƙi a ɗora laifin a kan lalaci. Amma wanda ya san yankin ya san akwai dalilai da suka fi haka nauyi.

Na farko tsaro ne. Lokacin da ya fi dacewa da ma'aikaci ya yi tattaki shi ne sanyin asuba ko bayan la'asar sakaliya, kuma su ne lokutan da tsoro ya fi yawa a hanyoyin bayan gari. An sanya dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Jama'a da Kaura fiye da sau ɗaya, ciki har da Yulin 2020 da kuma Maris 2022 bayan harin da aka kai yankin Kagoro. Yankin da Allah ya hore wa duwatsun Kagoro da magangarar ruwan Matsirga, wuraren da a wata ƙasa za a riƙa tururuwar hawa da kewaya su kowane ƙarshen mako, ya zama wurin da mutum ke tunani sau biyu kafin ya yi nisa da gida. Rikice-rikicen 1987 da 2011 kuma sun bar garin da unguwannin da aka rarrabu bisa addini, ta yadda wani ba ya sakin jiki ya ratsa wata unguwa da duhun safiya.

Na biyu tsarin gari ne. An yi sababbin tituna a Kafanchan ƙarƙashin shirin sabunta birane na jihar, an kuma kafa hukumar kula da birnin a 2021. Amma titi mai kyau ga mota ba lallai ya zama mai kyau ga mai tafiya a ƙasa ba. Inda babu gefen masu ƙafa, ko 'yan tireda da masu ajiye ababen hawa sun cinye shi, mai tattaki yana gogayya ne da babura da Keke Napep. Filayen makarantu, waɗanda su ne wuraren wasa na asali a kowace unguwa, wasu an kewaye su an kulle saboda tsaro, makarantu masu zaman kansu da dama kuma a cikin gidajen haya suke, babu ko inda yaro zai yi tsalle.

Na uku ya shafi mata. Alƙaluman duniya sun nuna kashi 34 cikin ɗari na mata ba sa samun isasshen motsi, maza kuma kashi 29. Saurayi yana da ƙwallo a kowane fili. Matar aure mai shago ko ma'aikaciyar jinya ba ta da irin wannan, kuma idan ta fito tattaki da safe akwai idon jama'a da maganganunsu. Har yanzu akwai masu kallon tumbi da ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata, da masu ganin magidanci da ke tafiya a ƙasa a matsayin wanda karayar arziki ta sama.

Na huɗu yunwa ce. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta karya jarin dubban manoman yankin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ya taka kilomita biyar zuwa aiki ba tare da ya karya ba, cikin rana, da zullumin kuɗin makaranta a ransa, ba atisaye yake yi ba.

Abin da za a iya yi ba tare da jiran kasafin biliyoyi ba

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 bai fi ƙarfin talaka ba. Babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko rabin haka idan mai tsanani ne, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Yaro yana buƙatar awa guda a kullum. Minti 150 shi ne minti 30 sau biyar, kuma an yarda a tara shi kaɗan-kaɗan. Matsakaicin motsi shi ne tafiyar da mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera waƙa ba. Wannan na nufin tafiyar dolen da tsadar mai ta haifar za ta iya zama riba ga ma'aikacin zaune, idan ya yi ta da sauri, da sanyin safiya, da takalmi mai sauƙi, da ɗan abu a ciki. Mai ciwon ƙirji, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ya fara ganin ma'aikacin lafiya kafin ya ƙara wa kansa nauyi.

Sauran aikin na hukumomi ne, kuma mafi yawansa na tsari ne, ba na kuɗi ba. Ƙaramar hukuma da masu tsara birnin za su iya kare gefen titi ga masu ƙafa, su sanya fitilu masu aiki da hasken rana a kan hanyoyi biyu ko uku da aka fi bi, su buɗe filin wasa na garin da filayen makarantun gwamnati a wasu sa'o'i na safe da yamma tare da mai gadi, a ware wa mata nasu lokacin. Hukumomin ilimi za su iya tabbatar da cewa darasin motsa jiki a fili ake yin sa, ba a kan allo ba. Shugabannin ma'aikatu, da asibitin tarayya da manyan makarantu, za su iya gwada abin da aka gwada a Suwidin a kan ma'aikatansu, su auna hutun rashin lafiya kafin da bayan wata shida, domin yankin ya samu alƙaluman kansa maimakon aron na Turai. Malaman gona da ma'aikatan lafiya matakin farko kuma su kai wa manomi nasa saƙon, na hutu da ruwa da awon jini, musamman a ranakun kasuwa.

Majami'u da masallatai, waɗanda su ne suka fi kowa tara jama'a a yankin, suna da ƙungiyoyin mata da na matasa da za su iya fita tattaki a rukuni, abin da ke rage tsoro da kunya a lokaci guda. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sanya hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Takarda tana buƙatar wurin da za ta rayu a kullum, kuma filin ƙwallo na daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan wannan unguwa da ɗan waccan ke haɗuwa ba tare da an kira taro ba.

A ranar 1 ga Janairun kowace shekara dubban mutane kan hallara a Kagoro domin bikin Afan, a yi rawa da tattaki tun safe har yamma, tsoho da yaro. Al'ummar da ke da wannan a al'adarta ba ta buƙatar a koya mata amfanin motsi daga waje. Tambayar da ke gaban masu mulkin yankin ita ce ko sauran kwanaki 364 za su samar wa akawu hanyar da zai taka cikin aminci, su samar wa manomi inuwar da zai huta a cikinta, tun kafin su biyun su haɗu a layin ganin likita.